Lukumanu da Injin Washi Mai Hawa Uku

Duk wanda ya san Lukumanu a Rogo Sabon Gari zai gaya maka bai taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune ba. A tsaye yake kurɓa, ƙafa ɗaya a kan benci, idonsa a titi. In kana yi masa magana yana jin ka, amma hannunsa yana kan wani abin, ko yana murza noti, ko yana kankare tsatsa da farce. Dogo ne siriri, mai saurin magana, kuma kafin ka gama amsa gaisuwarsa ya riga ya yi gaba.

Ɗan maƙera ne. Mahaifinsa, Malam Jibo, maƙeri ne a Kafin Dafga ta ƙasar Karaye, kuma a gindin zugazuginsa Lukumanu ya tashi. Ya iya ƙira tun yana saurayi, sai dai zaman maƙera bai karɓe shi ba. Ya tafi Kano ya yi acaɓa, ya bari. Ya zauna wurin wani mai walda har ya iya haɗa ƙofa da taga, ya bari. Ya yi tallen tsofaffin ƙarafa, ya bi motar albasa zuwa kudu, ya dawo da zazzaɓi da wata tsohuwar rediyo. Da kafaɗar Malam Jibo ta daina ɗaukar masaba, idonsa kuma ya soma hazo, sai aka aika masa ya dawo gida. Ya dawo, ya auri Saude, 'yar wani manomin rake a Falgore. Amma bai zauna a Kafin Dafga ba. Ya ce ƙauyen ya yi masa shiru, ya kama rumfa a Rogo, inda ake samun kasuwa da wutar lantarki jefi-jefi.

A nan ya ci gaba da ƙera abin da ubansa ke ƙerawa, fartanya da lauje da adda ta masu saran rake, da wuƙaƙen mahauta. Dukan ƙarfe ba ya damun sa, don akwai ƙara da motsi a ciki. Abin da ya tsana shi ne abin da ke biyo baya, wato zama da magagari ana gyara baki, sannan a koma kan dutsen washi ana gogawa ana yayyafa ruwa. Wuƙa ɗaya sai ta cinye masa hantsi. Yakan tashi a tsakiyar aikin ya zagaya rumfar, ya leƙa wurin mai faci, ya dawo ya tarar da wuƙar tana nan yadda ya bar ta.

Wata rana wani direba ya nuna masa bidiyo a waya. Wani mutum ne a wata ƙasa yake riƙe da wuƙa a gaban inji. Injin ba dutse yake juyawa ba, doguwar sanfefa ce da aka haɗe bakinta ta zama bel, tana gudu a kan wasu ƙafafu masu juyawa kamar taya. Mutumin ya ɗora ƙarfe a kai, tartsatsi ya zubo, kafin ka ce me wuƙa ta fito fes. Lukumanu ya sa direban ya maimaita masa har cajin wayar ya ƙare.

Daga ranar bai sake barci mai daɗi ba. Ya je Kano ya sayo moton wani tsohon famfon ruwa, wato injin lantarkin da ke juya shi. Ya haɗa ƙashin injin da ƙarfen gado, ya feƙe ƙafafun da icen marke ya cusa musu boris, irin na ƙafar babur, don su riƙa juyawa. Bel ɗin farko da kansa ya yanka sanfefa ya manne ta da gam. Yana kunna injin ta tsinke ta zabga masa mari a kunci, sai da ya yi mako yana yawo da shatar. Bayan haka ya gano inda ake sayar da haɗaɗɗu a Kano, masu kaushi da masu laushi.

Saura abin da zai kai juyin moton ga ƙafar da ke jan sanfefar. Wannan aikin fuli ne, faifan ƙarfe mai kwari a gefe inda bel ɗin roba ke hawa, irin na injin niƙa. Lukumanu ya zaɓi mafi girma da ya samu ya ɗaura a bakin moton, ya sa ƙarami a ɗaya ɓangaren, don ya ji an ce haka ne ke kawo gudu. Gudu kuwa ya samu. Injin ya riƙa kuka har sai ka ɗaga murya a rumfar mai faci. In ya ɗora sifirin ɗin mota da ya buge a wuta, sai ƙarfen ya riƙa narkewa a gabansa kamar sabulu a ruwa. Mutane suka riƙa tsayawa kallo. Shi kuwa yana tsaye cikin tartsatsi yana dariya, don karon farko a rayuwarsa ya sami abin da ya fi shi sauri.

Babbar Sallah tana matsowa a lokacin. Ya ƙera wuƙaƙe masu yawa, ya ba su tauri a wuta da ruwa kamar yadda ya koya a gida, sannan ya bi su da injin tun daga gyaran jiki har fitar da kaifi, duk a gudu ɗaya. Ya lura bakin wuƙar yakan yi ja-ja, wani lokaci shuɗi, in ya daɗe a wuri guda. Sai ya sake gogawa launin ya tafi, ya ɗauka shi ke nan. Wuƙaƙen suna ƙyalli kamar madubi. Kafin jajibere babu ko ɗaya a rumfar.

Cikin waɗanda suka saya har da Ɗanmaliki, wani dattijon mahauci da ake kira gida-gida ranar layya. Ranar Sallah da rana tsaka, Lukumanu yana ƙofar gida ana babbaka kai, sai ga Ɗanmaliki a kan babur, rigarsa duk jini. Bai sauka ba.

"Salamu alaikum. Barka da Sallah, Maƙeri."

"Wa alaikumus salam, Baba Ɗanmaliki. Barkanmu da Sallah. A shigo mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Riƙe wannan."

Ya miƙo masa wuƙar. Bakinta ya lanƙwashe wuri-wuri kamar murfin gwangwani.

"Sa na kayar a gidan wani Alhaji, mutane sun danne shi, na yi bisimilla na ja. Ta shiga fata ta tsaya. Dabba tana kallo na, tana shure-shure, sai da aka ruga cikin gida aka ɗauko wata. Tun ina yaro nake yanka, ban taɓa wahalar da dabba irin ta yau ba."

"Baba, wallahi ƙarfen mai kyau ne, sifirin ne..."

"Ban ce ƙarfen ba shi da kyau ba. Na ce ta ƙi yanka. Allah ya ba mu alheri."

Ya tayar da babur ya tafi. Kafin la'asar wasu mutum biyu sun zo da irin wannan maganar, washegari kuma aka ƙaru. Wani ma bai yi magana ba, jefo wuƙar ya yi cikin rumfar ya wuce.

Naman Sallar nan Lukumanu bai san ɗanɗanonsa ba. Ya shiga ɗaki ya fito, ya je rumfa ya buɗe ya rufe, ya dawo. A rana ta uku ya ce wa Saude zai sayar da injin ya tafi Abuja, an ce ana neman masu walda a wurin gine-gine.

Saude tana tsame soyayyen nama daga mai. Ba ta ɗago ba ta ce, "To, Malam. In ka je can abin ya ƙi, sai ina?"

"Sai in ƙara gaba."

"Ni dai da za ka ji tawa, kafin Abuja ka je Kafin Dafga. Ko gaisuwar Sallah ba ka kai wa Baba ba. Ka tafi masa da wuƙar."

Ya yi tsaki, ya fita. Amma da safe ya ɗaure ƙullin nama da wuƙar a bayan babur ya kama hanyar Karaye.

Ya sami Malam Jibo a zaure a kan buzu. Bayan sun gaisa, an tambayi mutanen gida da jikoki, ya zayyana masa komai. Tsohon ya karɓi wuƙar ya bi bakinta da babban yatsa. Ya sa aka miƙo masa magagari. Ya goga a tsakiyar wuƙar, magagarin ya zame yana ƙara. Ya goga a bakin, sai ya kama, ya ci.

"Ka ji?" in ji shi. "Jikinta da tauri, bakinta babu. Da kake wasa ta, wane launi ta nuna maka?"

"Takan yi shuɗi kaɗan a baki, Baba. Amma ina gogewa."

"Launin ka goge. Taurin da ka ba ta a wuta da ruwa, zafi ne ya zo ya ƙwace shi. Bakin wuƙa siriri ne, ba ya jure zafi. In ya yi shuɗi ya riga ya mutu, ko ka goge shi ya yi haske."

"To yaya zan yi?"

"Ni ban san injinka ba, Lukumanu. Dutse na sani, shi kuwa bai taɓa ƙona mini wuƙa ba. Ka koma kan dutse."

A hanyar dawowa ya tsaya a bakin dam ɗin Challawa, ya sauka daga babur, ya yi ta kai da kawowa a gaɓa yana jifan ruwa da tsakuwa. Komawa kan dutse dai ba zai iya ba, ya san kansa. Abuja kuma ta fita daga ransa tun da ya ji inda matsalar take. Abin da ya rage shi ne injin ya rage gudu. Amma moton gudu ɗaya gare shi, ko a kunne ko a kashe.

Dabarar farko da ta zo masa ita ce ya rage wa janaretan da ke ba injin wuta mai, wai ko wutar ta yi rauni moton ya lafa. Moton ya yi gurnani, ya ɗau zafi, rumfar ta cika da warin ƙonannar waya. Da ƙyar ya kashe kafin ya ƙone. Ya gwada ɗora wuƙar sama-sama ba tare da dannawa ba, duk da haka bakin ya yi ja. Ya yi kwanaki a haka, yana ɗaurawa yana kwancewa, ba ya cin abinci sai a tsaye.

Abdulsalami mai injin niƙa, wanda rumfarsa ke bayan tasa, shi ya gaji da jin ƙarar ana kunnawa ana kashewa, ya zagayo.

"Maƙeri, lafiya kake fama da abin nan tun safe?"

Lukumanu ya gaya masa. Abdulsalami ya duƙa ya dubi injin, ya yi dariya.

"Ai kai ka ce masa ya yi gudu. Dubi fulin da ka sa a moto, kamar faranti. Babba a moto, ƙarami a gaba, gudu ke nan. In kana son ya tafi a hankali sai ka juya su, ƙarami a moto, babba a gaba. Ƙarfinsa ma ƙaruwa zai yi."

"In na juya su kuma gudun ya tafi gaba ɗaya. Ina son sa wurin cin ɗanyen ƙarfe."

"To ka sa a yi maka mai hawa-hawa mana. Na taɓa gani a jikin injin huda ƙarfe. Fuli ɗaya ne amma kwari uku, babba da matsakaici da ƙarami. Ɗayan kuma a kife shi. Inda ka mayar da bel, nan gudunka yake."

Abdulsalami bai rufe baki ba Lukumanu ya soma neman makullin babur. A Kano ya sami mai injin feƙe ƙarfe, ya tsaya a kansa yana ƙorafin jinkiri har aka gama masa guda biyu.

Sai gwaji. Ya tara guntayen ƙarafa da wuƙaƙen da aka dawo masa da su, ya sake ba su tauri, ya riƙa ɓata su ɗaya bayan ɗaya. A hankali abin ya fito masa. Hawan sama, mai gudu, na ɗanyen ƙarfe ne da bai sha tauri ba, da sanfefa mai kaushi. A nan yake fitar da siffar adda da fartanya, ko ya yi zafi babu asara tunda wuta na gaba. Hawan tsakiya na wuƙar da ta riga ta sha tauri ne. Nan ya daina sa safar hannu, don yatsunsa su riƙa gaya masa zafin, kuma ya ajiye bokitin ruwa a gefe, goga ɗaya tsomawa ɗaya. Hawan ƙasa kuwa na sanfefa mai laushi ne, wurin fitar da kaifi na ƙarshe, da gyaran ƙota. Ya gano cewa ice ma ƙonewa yake a gudu, ya yi baƙi, ƙaho kuma ya narke ya yi wari. Ya kuma gano cewa rage gudun ba shi ne komai ba. In ya sa sanfefa mai kaushi a hawan ƙasa ya danna da ƙarfi, ba ta ci, sai dai ta yi ta jan ƙarfen tana neman fizge shi. Tsohuwar sanfefa da ta cinye kuma ta fi sabuwa kawo zafi ko a wane hawa.

Sanin bai sa abin ya yi masa daɗi ba. A hawan ƙasa injin ba ya kuka, wani gunji yake yi a hankali, tartsatsin ma ɗaiɗai. Lukumanu yakan tsaya a gabansa yana karkaɗa ƙafa, yana cije leɓe, yana leƙen titi. Amma ya daure ya gama wuƙa guda, ya yi mata ƙotar marke, ya kai wa Ɗanmaliki a mahauta.

Dattijon ya amsa gaisuwa, ya juya wuƙar a hannu. "Wannan ba ta kai waccan ƙyalli ba."

"A gwada ta dai, Baba."

Bai yi yanka da ita ba ranar. Fiɗa ya yi da ita, ya bi ta kan fata da jijiya, ya sa ta a gaɓa. Da ya gama ya duba bakin a rana, ya aske gashin hannunsa da ita, ya soke ta a kube. Bai yaba ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka yi mini ƙarama irinta." Bayan wannan mahauta suka soma dawowa da kaɗan-kaɗan. Wasu daga cikin mutanen Sallar nan kuwa har yau ba su sake taka rumfarsa ba.

Da kakar rake ta zo, aiki ya yi masa yawa. Masu adda suna layi, mahauta suna jira, shi kuma yana ta mayar da bel daga wannan hawa zuwa wancan. Ka'idar ita ce a kashe moto, a jira ya tsaya cak, sannan a taɓa. Jiran nan ne ya gagare shi. Wata ranar kasuwa ya kashe, fulin bai gama juyawa ba ya kai hannu. Bel ɗin ya kama ɗan yatsansa na hagu ya shige da shi cikin kwarin. Abdulsalami ne ya ji ihun, ya naɗe hannun da rawani ya kai shi asibiti. An ɗinke, amma kan yatsan ya tafi, kuma aka ce kada ya riƙe ƙarfe sai ya warke.

Zaman jinyar ya fi ciwon wahalar da shi. Ya zagaya tsakar gida har kaji suka saba da shi. Ga wuƙaƙe ya ƙera ya ba su tauri, saura kaifi da ƙota, masu su suna aike. Ya sa aka ɗauko injin daga rumfa aka kawo gida don kada a sace moton, ya riƙa zama yana kallon sa, ya tashi, ya dawo.

Ranar nan Saude ta ce, "Malam, nuna mini."

"Nuna miki me?"

"Na ƙasan nan, mai tafiya a hankali. A gidanmu ni nake tayar da injin markaɗe tun kafin a kawo ni nan. Wannan bai fi shi ban tsoro ba."

Ya ce aikin maza ne. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe. Bai kai azahar ba ya kira ta da kansa. Ta ɗaure zani, ta tura gefen mayafi cikin riga don kada injin ya kama, ya tsaya a bayanta yana ba da umarni da hannu ɗaya. Wuƙar farko ta karkace mata. Ta biyu ma haka. Amma Saude ba ta gaggawa. Takan goga sau ɗaya ta tsoma a ruwa, ta ɗaga ta duba, ta sake. Shi yana bayanta yana cewa, "Danna mana, ƙara dannawa," ita kuwa kamar ba da ita yake ba. Kafin hannunsa ya warke, kaifin da take fitarwa ya fi nasa daidaito, kuma ba ta ƙona ko ɗaya ba. Matan unguwa suka ji labari, suka soma aiko da wuƙaƙen girki da almakashi.

Da ya warke injin bai koma rumfa ba. Suka raba aikin ba tare da sun zauna sun tsara ba. Da safe shi ne a kai, a hawan sama, tsakar gida ta cika da ƙara da tartsatsi, ya fitar da siffar abin da ya ƙera jiya, ya kwasa ya tafi rumfa wurin wuta. In ta gama aikin gida sai ta sauko da bel ƙasa ta zauna a kan turmi ta yi kaifi da ƙota. Rigimarsu ɗaya ce, kullum sai ya bar mata bel a sama, wani lokaci kuma ya faɗo gida da rana da adda a hannu yana so ta tashi yanzu-yanzu.

"Malam, saura kaɗan in gama ta Baba Ɗanmaliki."

"Minti ɗaya kawai zan yi."

"Jiya ma haka ka ce, har aka kira la'asar."

Shi ya sa yanzu ya fara haɗa inji na biyu. Ƙashinsa yana jingine a zaure, an yi waldar rabi, ƙafafun suna cikin kwano. A makon jiya wani ya gaya masa akwai wani akwatin lantarki da ake haɗawa da moto, ka murɗa maɓalli kawai gudun ya ƙaru ko ya ragu, ba sai ka taɓa bel ba. Abdulsalami ya ce masa abin da tsada, kuma ba kowane moto yake karɓa ba. Lukumanu ya ce zai je ya gani da idonsa. Ya fita da sassafe ya ce wa Saude zai dawo kafin azahar. Da la'asar ya bugo waya daga Kano ya ce bai samu ba, amma an kwatanta masa wani mutum a Kaduna, kuma ga mota tana lodi.